Ƙasar da Kowane Dutse Yake da Labari

Girka ƙasa ce ta duwatsu da teku. Duk inda mutum ya tsaya, ko dai tsauni ya tokare masa gaba, ko ruwa ya yi masa iyaka, ƙasar noma kuwa 'yar kaɗan ce a tsakanin kwaruruka. Mutanen da suka zauna a nan shekaru dubu uku da suka wuce sun rayu ne a hannun abubuwan da suka fi ƙarfinsu: guguwar da ke kifar da jirgi, girgizar ƙasa, aradu, fari, annoba. Sai suka bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, suka yi wa kowanne fuska da suna da iyaye da hali. Teku ya zama na Fosaidon mai saurin fushi, aradu ta zama makamin Ziyus da suka ce yana zaune a kan tsaunin Olimfus, lahira kuma ta faɗa a rabon ɗan'uwansu Hadis. Abin da ya kama zuciyata shi ne ba su bar labaran suna yawo a iska ba. Kowane labari sun ɗaure shi a wani wuri da za ka iya zuwa da ƙafarka, a ce maka ga dutsen, ga kogon, ga idon ruwan.

Ni Musulmi ne, ban je yi wa gunki gaisuwa ba. Girkawan yau ma Kiristoci ne, an rufe wuraren bautar nan tun ƙarshen ƙarni na huɗu, zamanin Sarki Tiyodosiyus. Amma sun riƙe hikayoyin kakanninsu riƙon da ya ba ni sha'awa, ba sa bauta musu, ba sa kuma jin kunyarsu. Yaro ɗan firamare ya san su, kuɗin da ke aljihunsu ma yana ɗauke da su: a kan kwandalar yuro ɗaya ta Girka akwai mujiyar Atina, irin wadda kakanninsu suka buga a kan azurfa tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnoni.

A birnin Atens na fara, a kan Akrofolis, wani faffaɗan dutse da ya yi wa birnin rumfa. Hawansa sai da lura, domin ƙafafun mutane sun goge duwatsun hanyar har suna santsi. A can sama, kusa da wani gini da ake kira Erektiyon, akwai itacen zaitun guda ɗaya tsaye cikin kango. Hikayar ta ce alloli biyu ne suka yi takarar mallakar birnin. Fosaidon ya daki dutse da mashinsa mai baki uku, ruwa ya ɓulɓulo, amma da aka ɗanɗana sai aka ji gishiri. Atina, allahiyar hikima da dabarun yaƙi, ta dasa zaitun. Aka ba ta gari, aka sa masa sunanta. Na daɗe ina juya wannan hukunci a raina. Mutanen da arzikinsu ya dogara da jiragen ruwa sun ba da labari a kan kansu cewa, da aka ce su zaɓa, sun fifita itacen da ke ba da mai da abinci da fitila a kan nuna ƙarfi. Duk da haka ba su kori wanda ya faɗi ba. A cikin gini guda suka girmama su biyun, kuma a barandar arewa magina sun bar rami a daɓe, sun bar kafa a rufi daidai saman ramin, don kada a rufe tabon da ke jikin dutsen, wanda wasu suka ce na mashin ne. Na leƙa ramin. Wasu 'yan tsage-tsage ne kawai a jikin dutse, amma an tsara babban gini ya kauce musu.

Itacen da ke wurin yanzu dashen ƙarnin da ya wuce ne. Na asalin kuwa, marubucin tarihi Hirodotus ya ruwaito cewa da Farisawa suka ƙone Akrofolis a shekarar 480 kafin Miladiyya, washegari sai aka tarar kututturen ya fitar da sabon tsiro. Wanda ya san taurin ran zaitun ba zai yi saurin ƙaryata wannan ba.

Bayan wancan ƙunar ne, a zamanin shugabansu Ferikilis, aka gina wa Atina babban ɗakinta, Fartenon, daga shekarar 447 zuwa 432 kafin Miladiyya. Farin dutsen daga tsaunin Fenteli aka jawo shi. Ginshiƙai takwas ne a gaba, goma sha bakwai a kowane gefe, kuma babu wanda yake a miƙe sak: kowanne ya ɗan yi ciki, ya ɗan karkata zuwa tsakiya, daɓen ma ya ɗan yi tozo, duk don ginin ya zauna daidai a ido. A ciki aka kafa mutum-mutumin Atina na zinariya da hauren giwa, aikin Fidiyas, tsawonsa wajen mita 12. Ya ɓace tuntuni. Ginin ya zama coci, ya zama masallaci a zamanin Daular Usmaniyya, yana nan da rufinsa har shekarar 1687, lokacin da sojojin Benis suka kewaye birnin, harsashin igwarsu ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki. Dare ɗaya ya rushe abin da ya yi shekaru dubu biyu a tsaye. Da na je, akwai ƙarafan gini da na'urar ɗaga kaya a jikinsa, masu gyara suna ta haɗa ɓaraguzai, inda wani yanki ya ɓace su sassaƙo sabo daga tsaunin nan dai, su ɗaure da ƙarfen da ba ya tsatsa. Tun shekarun 1970 suke wannan aiki, ba gaggawa.

Dodannin da ke cikin hikayoyin kuwa na same su ne a gidan tarihin da aka buɗe a gindin dutsen a 2009. Akwai wani da ya girmi Fartenon da fiye da shekara ɗari: mutum uku masu gemu, kafaɗa da kafaɗa, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma jikinsu ya murɗe ya zama jelar maciji. Har yanzu akwai sauran shuɗin fenti a gemunsu. Ɗaya yana riƙe da alamar ruwa, ɗaya ta wuta, ɗaya tsuntsu, kuma dukkansu murmushi suke yi, irin na dattijon da ya ga baƙo. A hawa na sama kuma ga faɗan mutane da Kentauros, halittun da rabinsu na sama mutum ne, na ƙasa doki. An gayyace su bikin auren wani sarki, suka sha giya ta fi ƙarfinsu, suka tashi za su sace amarya da matan biki. Masassaƙin bai yi son kai ba. A wani allon mutum ne ya shaƙe dodo, a wani dodon ne ya tashi da ƙafafun gaba a kan gawar saurayi. Ina ganin da gangan ya yi hakan, domin dokin da mutumin a jiki ɗaya suke, kuma ba kullum mutumin ke rinjaye ba.

Da yawa daga cikin allunan kwafi ne na farar ƙasa. Na ainihin suna Landan, tun da jakadan Ingila Lord Elgin ya sa aka ciccire su daga 1801, ya sayar wa gwamnatinsa a 1816. 'Yan mata shida na dutse da ke ɗauke da rufin barandar Erektiyon a kansu, biyar ne a nan. An jera su yadda suke a da, an bar gurbin ta shidan fayau. Girkawa suna neman a dawo musu da kayansu, kuma ina tare da su a wannan magana.

Abokin tafiyata dattijo ne, tsohon malamin makaranta. A babban gidan tarihi na ƙasa muka tsaya gaban wani mutum-mutumin tagulla da aka tsamo daga ƙarƙashin teku kusa da Artemisiyon a shekarun 1920. Ya ɗan haura mita biyu, ya buɗe ƙafafu, hannun hagu a miƙe yana saiti, na dama ya ja baya zai yi jifa. Diddigen ƙafar bayan ya ɗaga, nauyin jikin duka yana shirin zubowa gaba. Ramukan idanun babu komai, abin da ke hannunsa ma ya ɓata, shi ya sa masana suka rabu: in aradu ce to Ziyus ne, in mashi ne to Fosaidon. Dattijon ya zagaya shi a hankali, ya dube ni ya ce, “Malam, wannan baiwa duka, a ce a kan gunki ta ƙare?” Na ce, “Baba, baiwar ai Allah ne Ya ba su. Ga ta nan ta rage, bautar ta tafi.”

Tambayarsa tana da tushe, kuma Girkawan da kansu sun riga shi yin ta. Allolin nan ba abin koyi ba ne. Kuronos, uban Ziyus, ya haɗiye 'ya'yansa don tsoron kada su ƙwace masa mulki, Ziyus da ya tsira ya hamɓarar da shi. Shi Ziyus ɗin ba ya ganin mace ya ƙyale, matarsa Hera kuma kishinta a kan waɗanda aka zalunta yake sauka. Tun ƙarni na shida kafin Miladiyya wani mai hikima, Zenofanis, ya zargi mawaƙansu Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya ce da dawaki sun iya zane, da allolinsu sun fito da siffar doki. Aflatun ma ya so a hana koya wa yara irin waɗannan labarai. Da malaman Bagadaza suka tashi fassara ilimin Girkawa a zamanin Abbasiyawa, sai suka kwashi likitanci da lissafi da falsafa, suka bar allolin a inda suke. Cikakkiyar fassarar waƙar Homa, Iliyad, cikin Larabci sai a 1904 ta fito a Alƙahira, daga hannun Sulaiman al-Bustani. Ni a ganina darajar hikayoyin tana cikin wannan rashin kunyar tasu. Mutane ne suka zauna suka faɗi gaskiya a kan hassada da sha'awa da girman kai, suka ɗora su a kan manya don kowa ya gani da kyau.

Delfi ce ta fi tsaya mini a rai. Tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga Atens, ana ta hawa har gefen tsaunin Farnasus. Wurin a rataye yake tsakanin wasu jajayen duwatsu masu tsayi da wani kwari mai zurfi, ƙasa kuma zaitun ne malala har bakin teku. Suka ce Ziyus ya saki mikiya biyu, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, a nan suka haɗu, don haka nan ce cibiyar duniya. Akwai wani mulmulallen dutse da suke kira cibiyar. Suka ce kuma wani ƙaton maciji, Fiton, shi ke tsare da wurin, har Afolo, ɗaya daga cikin allolinsu, ya zo ya harbe shi da kibiya. Bahaushe ba zai ji wannan bai tuna Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ba: baƙo ya zo, ya kashe abin da ya tare wa mutane hanya, sabon zamani ya fara. Sai dai Girkawa sun ƙara wani abu da ya girgiza ni. Sun ce bayan kisan sai da Afolo ya bar wurin ya je aka tsarkake shi, domin jini jini ne, ko na dodo ne, ko da kuwa wanda ya zubar yana cikin alloli.

A ɗakin Afolo wata mata ce ke zama, ana kiranta Fitiya, a kan kujera mai ƙafa uku, tana ba da amsa da sunansa. Ba kullum ba: rana ta bakwai ga wata, watanni tara a shekara. Sai ta yi wanka a idon ruwan Kastaliya, sai an yayyafa wa akuya ruwan sanyi an ga ta yi makyarkyata, sannan a buɗe ƙofa. Sarakuna da birane suna aiko da jakadu kafin yaƙi ko kafa sabon gari. Sarkin Lidiya, Kurisos, wanda dukiyarsa ta zama abin misali, ya tambaya ko ya afka wa Farisa. Aka ce masa in ya yi, zai rusa babbar daula. Ya tafi da murna, daular da ta rushe tasa ce. Duba ne, ban kuwa yarda da duba ba, amma labarin bai tsaya a kan bokanya ba. A kan mai tambayar ya tsaya, wanda ya ji abin da yake so ya ji, bai sake tambaya ko daular wa ake nufi ba.

Wani ƙauye ne a kan kangon har 1892, da masu haƙa na Faransa suka zo aka matsar da mutanen gefe. Cikin abin da suka tono akwai Sifinkis da mutanen tsibirin Naksos suka kawo kyauta: fuskar mace, jikin zaki, fuka-fukin tsuntsu, a da tana zaune a kan ginshiƙin da ya kai mita 10. Irinta ce aka ce ta tare hanyar birnin Tibis da kacici-kacici, duk wanda ya kasa ta cinye shi, har wani mai suna Odifus ya zo ya gane cewa mai tafiya da ƙafa huɗu da safe, biyu da rana, uku da yamma, mutum ne.

Elefsina, wato Elusis ta da, yau garin matatun mai ne da masana'antu, kilomita 20 ko kusa da haka daga Atens, kuma titin da ya nufe ta har yanzu sunansa Tsattsarkar Hanya. Akwai wani ɗan kogo a wurin da aka ce ƙofar lahira ce. Hadis ya sace Farsifoni, uwarta Dimita mai kula da hatsi ta bi duniya tana nema, ta hana ƙasa tsiro har yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Dole aka dawo mata da 'yarta, amma yarinyar ta riga ta ci ƙwayar rumman a can, don haka kowace shekara sai ta koma na wani lokaci, ƙasa ta bushe, in ta dawo a ga tsiro. Ban san wani bayani na sauyin yanayi da ya kai wannan tausayi ba, a ce baƙin cikin uwa ne. Fiye da shekaru dubu mutane suna zuwa nan a shigar da su wani sirri da hukuncin tona shi kisa ne, kuma sun riƙe amana har wurin ya mutu.

Daga tashar Firayus jirgin ruwa ke kwana da mutum zuwa tsibirin Kirit. Kusa da birnin Irakiliyon akwai fadar Kunosos, wadda ta girmi Fartenon da sama da shekara dubu. A nan aka ce Sarki Minos ya kulle Minotauros, mai jikin mutum da kan bijimi, a cikin wani gida mai lungu-lungu da ba a gane hanyar fita, ana kawo masa samari bakwai da 'yan mata bakwai daga Atens. Tisiyus, ɗaya daga cikin samarin, ya shiga ya kashe shi, ya fito da taimakon dunƙulen zaren da 'yar sarki Ariyadini ta ba shi. Wani ɗan tsibirin, Minos Kalokairinos, ya fara haƙa a 1878, sannan Bature Arthur Evans ya ɗora daga 1900, har ya sake gina wasu sassa da siminti, abin da masana ke sukarsa a kai. Da na bi lungunan fadar, ɗaki cikin ɗaki, matakala kan matakala, na kuma ga zanen bangon da aka ɗauke zuwa gidan tarihi, inda wani matashi ke alkafura a bayan bijimi mai gudu, sai na ce ruwa ba ya tsami banza. Ƙarshen labarin kuwa a gaɓar Suniyon yake, kudu da Atens, inda ginshiƙan ɗakin Fosaidon ke tsaye a kan tudu. Tisiyus ya manta bai sauya baƙin ƙyallen jirginsa da fari ba kamar yadda suka yi alkawari, ubansa Ejiyus ya hango baƙi, ya ɗauka ɗansa ya mutu, ya faɗa ruwa. Tekun har yau sunansa yake amsawa.

Da na ƙetara zuwa Rum, Rumawa na tarar da su daban. Sun daidaita allolinsu da na Girka, Ziyus ya yi daidai da Jufita, Atina da Minaba, Fosaidon da Neftun, suka ari labaran kusan duka. Amma su mutanen tsari ne da yarjejeniya, abin da ya dame su shi ne a yi hidima daidai, a rana daidai. Suna da nasu na gida: Janus mai fuska biyu, wanda ƙofofin ɗakinsa ke buɗe lokacin yaƙi, a rufe in an sami zaman lafiya, har Sarki Agustus yana alfahari cewa sau uku aka rufe su a zamaninsa, da Besta, wadda budurwai shida ke tsaron wutarta shekara talatin-talatin don kada ta mutu. In sun kewaye gari, sukan roƙi abin bautar garin ya sauya sheƙa ya dawo Rum, su yi masa alkawarin gida mafi kyau, kamar yadda aka ruwaito sun yi a birnin Beyi a 396 kafin Miladiyya. Ɗakin da suka yi wa alloli duka, Fantiyon, wanda aka kammala a zamanin Sarki Hadiriyan, yana nan da rufinsa domin an mai da shi coci a 609. Faɗin ƙubbarsa mita 43, kankare zalla ba rodi, da buɗaɗɗiyar kafa a tsakiya. In an yi ruwa ciki yake zuba, ya bi ta ƙananan ramuka a daɓe ya fice.

A gidan Borgese, cikin birnin Rum ɗin, na ga yadda labaran suka ci gaba da aiki shekaru fiye da dubu bayan an daina bautar. Wani babban limamin coci ne ya sa Bernini, yana saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ya sassaƙa Afolo da Dafni, aka gama a 1625. Afolo yana bin yarinyar da ba ta son sa, ta roƙi ubanta ya cece ta, aka mai da ita itace. Sai ka zagaya kafin ka ga labarin: daga baya gudu ne kawai, ta gefe ka ga hannunsa ya kai cikinta amma ɓawo ya taɓa, ta gaba kuma ga bakinta a buɗe, yatsun ƙafa sun zama saiwa, na hannu sun tsiro da ganye, gashi ya tashi ya koma rassa. Zuciyar mai kallo wajen yarinyar take komawa, duk da cewa mai bin nata cikin manyan alloli yake. Ganyayen nan masu sirantaka, da mutum zai rantse iska za ta kaɗa su, yawancinsu ba hannun Bernini ba ne. Mataimakinsa Giuliano Finelli ne ya fere su, yabo ya tafi wajen maigida, bayan 'yan shekaru kuma ya bar masa shagonsa ya kama gabansa.